Yarona ya nace sai ya je sansanin 'yan sikawut na sati guda, in bar shi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Babban yarona shekararsa 13, tun bara ya shiga 'yan sikawut na makarantarsu, yanzu an ba su takarda wai in an yi dogon hutu cikin watan Agusta za a kai su sansani na sati guda, su kwana a tanti su dafa abinci da kansu. Yaron da ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba! Kwana uku ke nan ya hana ni sakat, babansa kuma ya ce in na yarda shi ma ya yarda, wato ya bar ni da jangwam. Ni dai gabana faɗuwa yake, ga damina ga sauro ga halin da ƙasa ke ciki. Sannan ranar Juma'a ya miƙa wa kakansa hannun hagu wai gaisuwarsu ce, saura ƙiris tsohon ya sakar masa ranƙwashi. Wai me ake koya musu ne a can?

Tsohon Sikawut:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi kin sa ni dariya ni kaɗai, don ni ma na sha mari a gida a kan hannun hagun nan. Gaisuwarsu ce a duk duniya, wasu su ce don shi ne hannun da ke kusa da zuciya, wasu kuma su ce Baden-Powell da ya kafa ƙungiyar ya samo ta ne wajen Ashantawa a Gana, tunda jarumi da hagu yake riƙe garkuwa, in ya ajiye ta ya miƙo maka hannun to ya amince da kai ke nan. Ki ce masa dai ya bar ta tsakaninsa da 'yan uwansa sikawut, kaka da dama ake gaishe shi kuma a durƙushe.

Shi satin nan shi ne asalin abin ma. A 1907 Baden-Powell ya kwashi yara 20 ya kai su tsibirin Brownsea a Ingila, cikin watan Agusta, suka yi wajen sati guda, daga nan aka faro, sikawut ɗin ya iso Najeriya a 1915. Har yau tsarin da ya yi ake bi, a raba yara ƙungiya ƙungiya ta mutum shida zuwa takwas, a naɗa ɗaya shugaba, su ke da tantinsu su ke da tukunyarsu.

Namu na farko ba zan manta ba, a filin wata makarantar kwana aka yi. Malaminmu ya ce kowa ya haƙa 'yar magudanar ruwa ya zagaye tantinsa, mu kuma muka ga sama garau muka ce wahalar banza ce, muka tafi ƙwallo. Wajen ƙarfe biyun dare hadari ya haɗo daga gabas, kafin ka ce kwabo tabarmata tana iyo, silifas ɗina ɗaya har yau ban gan shi ba, garin kwakin wani yaro ya jiƙe ya kumbura ya cika jakarsa. Muka kwana a tsaye riƙe da sandar tanti muna rawar sanyi, malam kuwa ya leƙo da tocila ya kalle mu ya ce sannunku, ya koma abinsa. Da asuba usur na tashi ba wanda ya ce mana komai muka nemo fatanya. Ranar itace duk ya jiƙe, garau-garau muka dafa, ƙasa ya ƙone sama ɗanye, muka cinye tas har da ƙanzo. A rana ta huɗu muka gane dabarar ajiye ƙirare a cikin tanti da dare.

Sauran kuwa fareti ne, duba tsafta kowace safiya, ƙulle-ƙullen igiya, karatun taswira, agajin gaggawa, da dare a hura wuta a yi waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo. Ki bar shi ya je Hajiya.

Baban Yara:
Malam naka zamanin daban ne fa. Lokacinku a daji ma za a kwana ba abin da zai faru sai cizon sauro. Mu yanzu mun ga Ƙanƙara a Disambar 2020, mun ga Jangebe a 2021, mun ga Kuriga a 2024, duk 'yan makaranta aka kwasa. Ban ce kada ya je ba, amma Hajiya kada ki sa hannu a takardar nan sai maigida ya taka da ƙafarsa ya ga wurin. Cikin gari ne ko bayan gari? Da katanga? An sanar da 'yan sanda? Manya nawa za su kwana da su, kuma su wane ne? Akwai sabis a wurin? In malamin ya fara kame-kame a kan waɗannan to ki riƙe ɗanki, kukan sati ɗaya zai yi ya manta.

Anti Nas:
Ni ta fannin lafiya zan yi magana. Agusta tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, gidan sauro dole, ba wai in ya samu wuri a jaka ba. Ki tambaya ruwan da za su sha daga ina, don gudawa ita ke fara kayar da yara a irin wannan taron. Ki sa masa ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, uku ko huɗu, ki kuma koya masa na gida, ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya riƙa zazzage takalmi kafin ya sa saboda kunama. In yana da asma ko sikila ki faɗa wa malamin baki da baki, kada ki bar wa yaro saƙon, kunya za ta sa ya ɓoye. Kuma ba mu kaɗai ba ne, taron sikawut na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu a 2023 zafi ya kwantar da yara ɗaruruwa, 'yan Birtaniya da Amurka suka janye nasu, ƙarshe guguwa ta sa aka kwashe kowa daga filin. Masu kuɗi ke nan fa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Salla fa? Kakarsa ce ke cewa wai abin na Turawan mishan ne.

Tsohon Sikawut:
Ki kwantar wa Iya da hankali, farkon alƙawarin da suke ɗauka ma bauta wa Allah ne, kowa bisa addininsa, kuma ƙasar da ta fi yawan 'yan sikawut a duniya Indonesiya ce, ƙasar Musulmi. Mu jam'i muke yi sau biyar, Kiristocin cikinmu su yi addu'arsu gefe. Ki ce mata kamar 'yan agaji ne, sai dai su da ɗan ƙyalle a wuya. Maganar Baban Yara kuma gaskiya ce, ban ja ba.

Maman Biyu:
Jiya babansa ya je ya gano wurin, cikin gari ne a wata makarantar kwana mai katanga, malamai biyar za su kwana da su har da nas guda, ya karɓo lambar biyu daga ciki. Na sa hannu da safen nan. Yanzu haka gogan yana tsakar gida na ba shi itace da ashana ya dafa mana shinkafa da wake, ashana ta tara yake ƙyastawa, ƙanwarsa na gefe tana ƙirga masa.