Takiyyar unguwarmu ta daina dahuwa, in sayar da keken ɗinkina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Wad Madani ce a Sudan, mun baro gida tun Disamban 2023 da yaƙi ya shigo garin. Yanzu muna Gadarif, ɗaki ɗaya a gidan dangin maigidana, ni da shi da yara huɗu da surukata. Shi aikin ƙarfi yake yi, yau a samu gobe a rasa.

Takiyyar unguwa, wato wurin da ake dafa wa jama'a abinci kyauta, ce ke riƙe da mu. Kullum da hantsi babban ɗana yake ɗaukar wani bokitin fenti da muka wanke, ya bi layi, ya dawo da adas, wato wani ƙanƙanin wake, wata rana balila, wato dafaffen tsaba. Da shi muke karyawa, da dare in tuƙa asida, tuwon nan, da miyar busasshiyar kuɓewa. Shekaranjiya sai ga shi da bokitin kife a kansa. Samarin da ke dafawa sun ce kuɗin da ake turo musu ya tsaya, har sun wanke tukwane sun jingine.

Dawar da ta rage ba za ta wuce kwana goma ba, ga azumi ya ƙarato. Abin da na mallaka keken ɗinki ne, shi kaɗai na iya fitowa da shi, kuma wata ta taya. In sayar in sayi buhun dawa? Ko mu koma Madani tunda sojoji sun karɓe ta a Janairun 2025? Ku ba ni shawara don Allah.

Wata tela a Kasala: 'Yar uwa, kada ki kuskura. Ku bakwai, buhu ɗaya wata nawa zai yi muku? Ya ƙare, keke ya tafi. Kuma ɗinkin Sallah ke tafe. Ko mutane ba su da kuɗin sabon yadi, suna kawo tsofaffin kaya a rage wa ƙanne, a yi faci, a canza zif. Ni da wannan nake ci. Ki fito da shi ƙofar gida inda za a ji ƙararsa, wadda ba ta da kuɗi ki karɓi dawa ko gawayi.

Wani saurayi mai aikin takiyya a Umdurman: Yaya, ba ku kaɗai ba ne. Ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90, kuma takiyyoyi da yawa ta wannan hanyar kuɗinsu ke zuwa, ko da masu ci ba su sani ba. Sama da dubu sun rufe a faɗin Sudan. Don haka kada ki zauna jiran gobe za a dawo. Mu da tamu ta tsaya, sai muka bi gida gida, kowa ya kawo kofin adas ko albasa biyu, muka koma dahuwa sau uku a mako. Ba ta ƙosarwa, gaskiya, amma tukunya ɗaya ga gida goma ta fi murhu goma sauƙin gawayi nesa ba kusa ba. Ki tara matan layinku ku roƙi samarin nan kada su mayar da tukwanen.

Wani dattijo daga Mai Wurno: Ɗiyata, kina Gadarif, rumbun Sudan, kuma ba a daɗe da gama girbin dawa ba. Duk manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa, in amfanin ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ba nasa ba ne. Haƙƙinku ne, ba roƙo ba ne. Maigidanki ya je wurin limamin unguwa a rubuta sunanku, ya je Diwanin Zakka ma, kada kunya ta hana shi. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, da noman ƙodago da hannun jama'a suka ratsa ƙasar nan.

Wani da ya koma Madani: Baba ya yi gaskiya, amma ba wanda ya taɓo zancen komawa. Ni na je. Gidana ko ƙyaure ba a bari ba, ruwa sai an saya, wuta babu. Kada ki kwashi yara da tsohuwa. Maigida ya je shi kaɗai ya gano.

Wata ma'aikaciyar jinya: Shekarar autanki nawa? In yana shan nono kada ki yaye shi yanzu, komai wuya. In bai kai shekara biyar ba ki kai shi cibiyar lafiya a auna dantsensa da tef ɗin nan mai launi uku. Ƙasa da santimita 12.5 rawaya ne, ƙasa da 11.5 ja, kuma mai ja ana ba shi gyaɗar nan ta leda, magani ce, ba a raba ta da yayye. Ki riƙa danna bayan ƙafarsa da yatsa, in wurin ya lotsa bai taso ba ki garzaya a ranar. A kunun yara ki dama cokalin dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ta fi sukari amfani.

Wani ɗan uwa a Jidda: Samarin takiyyar suna da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya? A turo mini lambar a keɓe. Mu nan muna da ɗan adashi, zan gabatar wa jama'a ranar Juma'a. Ban yi alkawari ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Autar watanta goma sha huɗu, tana shan nono, gobe zan kai ta awo. Na gaya wa mai tayin ta haƙura. Na yi magana da mata biyar a layinmu, uku sun amince, biyu sun ce ba su da ko kofi ɗaya, mun ce su kawo itace. Ɗan uwa na Jidda, zan karɓo lambar. Sai dai igiyar keken ta tsinke tun a hanya, da tsumma na ɗaure ta. Wa ya san inda ake sayar da ita a kasuwar Gadarif?