Shin nuna ƙauna ga 'yar fari a gaban mutane rashin kunya ne?

Maman Ummi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. 'Yata ta fari ta cika wata 20 a makon jiya, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Ummi. Tun ranar da ta saki jikin kujera ta yi taku uku zuwa wurina, tana da wata 13, na kasa ɓoye abin da ke raina game da ita. Yanzu idan na tayar da salla sai ta jawo ɗankwalina ta shimfiɗa a gefena, ta kifa goshi a ƙasa, ta ɗago tana duban ko na gan ta. Tana goya 'yar tsanarta da tsumma tana jijjiga ta kamar yadda nake yi mata.

A wani suna da muka je, na ɗauke ta na sumbace ta, har na ba matan da ke zaune labarin sallar tata. Da za mu tafi sai goggon maigidana ta ja ni gefe ta ce ba a yi wa 'yar fari haka, kuma in ji tsoron bakin mutane. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin na yi kuskure ne, ko kuwa al'ada ce da zamani ya wuce da ita?

Kakar Yara:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya miki ita. Goggonku ba ta faɗi abin da babu shi ba. Ni ɗana na fari yau furfura ta fara fito masa, yana da 'ya'ya shida, amma har gobe bakina bai taɓa kama sunansa ba; "wannan yaron" nake cewa, kowa kuma ya san wanda nake nufi. A gidanmu na yi wankan jegonsa, kuma idan baƙi suka shigo barka nakan kawar da kai kamar ban san inda aka ajiye shi ba. Da lokacin yaye ya yi, mahaifiyata ce ta ɗauke shi.

Kada ki ɗauka ba ma son su. Idan dare ya yi, aka rufe ƙofa, ni kaɗai na san sau nawa nake tashi in taɓa jikinsa in ji ko da zazzaɓi. Abin da iyayenmu suka hango shi ne, ɗa na kowa ne, kuma uwar da ta rungume ɗanta a gaban dangi tana yabonsa, ta rufe wa sauran ƙofar tsawatar masa ranar da ya yi ba daidai ba. Ga kuma wani abu da ku 'yan yanzu ba ku cika lura da shi ba: a taron suna ba a rasa matar da ta shekara goma tana neman haihuwa, ko wadda ta binne nata, tana zaune tana jin ki. Shawarata ita ce ki bar wa kakarta aikin yabo. Takwararta ce, kishiyarta ce ta wasa, idan ita ta ba da labarin sallar babu wanda zai ga baƙinta.

Malamar Islamiyya:

'Yar uwa, ina girmama maganar Hajiya, musamman abin da ta faɗa game da kula da zuciyar waɗanda ba su samu haihuwa ba, amma ya kamata a raba al'ada da addini. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, sai Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Haka kuma ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukar ta. Saboda haka sumbatar 'yarki ba laifi ba ne, ta fari ce ko ta goma.

Maganar baki kuwa gaskiya ce, domin hadisi ya tabbatar da kambun baka. Sai dai ba a magance shi da ƙin nuna so, ana magance shi ne da ambaton Allah. Duk lokacin da ta burge ki ki ce Masha Allah, ki roƙa mata albarka, ki kuma riƙa yi mata addu'ar neman tsari da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini. Inda nake ganin tsoron bakin mutane da goggonku ta faɗa ya dace ɗari bisa ɗari shi ne batun ɗora hotunan yara da bidiyonsu a WhatsApp da Facebook, inda uwa ba ta san iyakar idon da zai kalle su ba.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Kwaikwayon da Ummi take yi alama ce mai kyau, kuma yawancin yara kan fara haɗa kalmomi biyu, irin "ba ni" ko "Mama zo", idan sun kusa shekara 2. Yaro daga bakin wanda yake yi masa magana yake koyon harshe, don haka ki ci gaba da hira da ita, ki faɗa mata sunan abin da take nunawa, ki amsa gwarancinta kamar magana ce cikakkiya.

Alkunyar da nake tsoro ita ce wadda nake gani a ɗakin awo: uwa ta kawo ɗan fari yana gudawa kwana uku, a tambaye ta yaushe ya fara, sai ta sunkuyar da kai ta bar kaka tana amsawa, alhali ita ce ta kwana da shi. Wannan ba kara ba ce, cutarwa ce. Ki duba katinta ki tabbatar an yi mata allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15, da ɗigon bitamin A na kowane wata 6. Tunda kuma yaye ya matso, ki yi shi sannu a hankali, kina rage nono kina ƙara mata kunun gero da gyaɗa da waken suya, da ƙwai, da miyar zogale, maimakon a raba ku rana ɗaya ta rasa nono ta rasa uwa a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayarwa har shekara 2 ko fiye, Alƙur'ani ma shekara biyu cikakku ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233.

Maman Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, maganarki ta sa na tuna cewa a sunan nan akwai wata matar ƙanin maigidana da ta yi ɓari sau biyu, tana zaune daf da ni, ban ko lura ba sai yanzu. Na duba katin, an yi allurar. Ranar Juma'a zan kai Ummi wurin takwararta, in tayar da sallar la'asar a ɗakinta, in ajiye ɗankwalin inda hannun yarinyar zai kai.