Maƙwabcinmu ya haƙa sokawe dab da rijiyarmu, akwai dokar da ta hana?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Muna zaune a wata unguwar awon igiya a yankin Kumbotso. Ruwan famfo sai dai mu ji labari, rijiyar tsakar gidanmu muke sha, har maƙwabta na shigowa ɗiba. Bara aka gina gidan haya a bayanmu, suka haƙa sokawe jikin katangarmu, tsakaninta da bakin rijiyar bai fi taku goma sha biyu ba. Tun da damina ta kankama ruwan ya soma ɗan wari da safe, gugar farko ma zubarwa nake yi. Maigida ya yi wa mai gidan hayar magana, ya ce ai a filinsa ya haƙa. Yanzu tafasawa nake yi, ga tsadar gawayi, ga goyon wata huɗu a bayana. Akwai dokar da ta hana wannan? Wa ake kai wa ƙara?

Tsohon Duba-gari:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin maganar doka, ki daina haɗa wa jaririn nan komai da ruwan rijiyar, ko da kin tafasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, amma akwai sinadarin naitiret da ke tsatsowa daga masai, shi wuta ba ta taɓa shi, ruwan ne ma ke ƙonewa ya bar shi da yawa. Ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida yana hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Nono kaɗai ya ishe shi a yanzu.

Ƙa'idar da muka yi aiki da ita ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wato kusan ƙafa 100. To fili mai ƙafa 50 sau 50 duk tsawonsa kimanin mita 15 ne kawai. Ko ke kika matsar da taki shaddar ƙarshen gida, ta wani tana bayan katanga. Ɓarnar tun ranar da aka yanka filayen aka yi ta, ba a bar wa ruwa wuri ba.

Doka kuwa akwai. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, a 2011 kuma ta fitar da ƙa'idojin kare ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa. Sai dai idonta ya fi karkata ga masana'antu, irin majemun Challawa da Sharaɗa masu zubar da ruwan jima. Naki na sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne. Jami'an tsaftar muhalli suna da ikon zuwa su duba, su ba shi takardar gargaɗi da wa'adi, in ya ƙi a kai shi kotu. "Filina ne" ba hujja ba ce in abin da ke cikin filin yana ratsowa gidan wani. Amma maigidanki ya fara da mai unguwa, zaman tare ne.

Mai Haƙa Burtsatse:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, Hajiya, kada wani ya ce miki burtsatse ce mafita kai tsaye. A Kano dutse ba shi da nisa, yawancin ruwan da muke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa ne. In ba a zuba siminti an toshe gefen bututun daga sama ba, ƙazantar nan ta bi jikinsa ta gangara. Da yawa cikinmu tsallake wannan suke yi don aiki ya yi araha, kuma ba mai zuwa dubawa. Sokawen ma ana iya gyara ta, a shafe ciki da siminti a riƙa kiran motar kwasa.

Ɗan Maraɗi:
Ke kin ma yi sa'a da naki ya yi wari. A Tibiri, nan kusa da mu, ruwan burtsatsen garin garau yake, ba wari ba launi, ashe sinadarin fuloraid ya yi yawa a ciki, daga ƙasar kanta. An yi shekaru ana sha kafin a gane, yara da dama ƙafafunsu suka lanƙwashe, haƙora suka rine. Ni dokar da na fi so a tsananta ita ce ta tilasta awon ruwa kafin a buɗe wa jama'a kowace rijiya.

Uwar Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, awon nan a jarka zan ɗiba in kai musu?

Tsohon Duba-gari:
A'a, kada ki kai a jarka. Ki tura a karɓo kwalbarsu da suka tsaftace daga ɗakin awon, na jami'a ko na hukumar ruwa. A ɗiba da sassafe, a sa cikin kula da ƙanƙara, ya isa hannunsu cikin awa shida. Ki ce su duba ƙwayoyin bayan gida da naitiret. Takardar sakamakon ki yi mata kwafi biyu, ɗaya ta mai unguwa, ɗaya ta ƙaramar hukuma, ta asalin kuma ki ajiye a wurinki.