Abin da na tsinta a hirarmu kan koyil da mota mai tsallen wuta

Jiya mun dade muna tattaunawa kan motar da take karkarwa a tsaye tana cijewa in an taka totur, bari in tattara muku abin da aka ce.

Shi koyil aikinsa ya karbi volt 12 na batir ya daga shi ya kai dubu 20 ko sama, ya tura wa fulogi, fulogin ya tartsatsa wuta ya kunna man da ke cikin silinda. A motar da kowace silinda ke da nata koyil, in daya ya mutu to silindar nan ta daina aiki kenan, man ma danye yake fita ta salansa.

Kusan kowa ya yarda a fara jona na'urar duba mota, ta nuna lambar matsalar. P0300 yana nufin tsallen wutar yana yawo tsakanin silindodi, P0302 kuma silinda ta 2 ce. In P0302 ce sai ka cire koyil din silinda ta 2 ka musanya shi da na silinda ta 3, ka goge lambar ka sake tayarwa, in ta koma P0303 koyil ne, in ta tsaya a 2 sai ka duba fulogi, injekta (mai fesa wa silinda mai) ko karfin matsin silindar. Ni wannan ta fi burge ni wallahi, ba ka sayi komai ba ka gane.

Wani ya ce a leka ramin fulogi, in ka ga bakin mai ya taru to gasket din murfin saman injin ke yoyo, shi ke jika robar koyil. Tsohon fulogi mai fadin baki ma yana gajiyar da koyil.

In fitilar injin tana kiftawa a ajiye motar, danyen man nan yana kona katalis, wato abin da ke tace hayaki a salansa.