Wa Za Mu Rataya wa Takobin Faris?

Kawu na Bagalam:
Salamu alaikum 'yan fada. An gama kokowar Olamfik a Faris, daga 5 zuwa 11 ga Agusta 2024, an raba zinare 18. Jiya gardama ta hana mu shan shayi na uku, sai na ce a kawo ta nan. In takobi ɗaya ne a hannunmu, irin wanda ake rataya wa zakaran kokowar gargajiya ta ƙasa a Nijar, wa za mu rataya wa? Amsa da waƙa kaɗai, kuma kowane baiti ya sauka a kan "wa". Na buɗe.

Nawa gwanin Lofez na Kuba,
Shekara 41, ku duba,
Kilo 130, bai girgiza ba,
Zinare biyar, wani bai taɓa yi ba
A jere, a tarihin kokowa.

Bejin 2008 ya soma,
Landan da Riyo ya sake kama,
A Tokiyo ko maki ba su ci ba ma,
Faris ya zo ya rufe da girma,
6 da babu aka yi rabuwa.

Ya durƙusa ya kwance takalma,
Ya aje su can a tsakar tabarma,
Ma'ana ya gama, babu komawa.

Ɗan Tsibiri:
Kawu gafara, ban raina ka ba,
Salon gwaninka ne ban yarda ba,
Ƙasa da ƙugu doka ba ta bari ba,
Ba taɗiya, ƙafa ba a kama ba,
Rabin jiki ke yin kokowa.

A kai shi Maraɗi, filin Kantu, mu gani,
Ga rairayi, ga zafin rani,
Bagobiri ya sunkuya, ka ga gwani,
Ƙafa guda ta isa kayarwa.

Nawa gwanin Tajudinof ne,
Ɗan Dagistan, tutar Bahrain ne,
Shekara 21 kacal ne,
A kilo 97 zaki ne,
Ya ƙare da kaye, ba ƙirgawa.

Sinaida na Amurka ya ba da hanya,
Ɗan Jojiya ya sha ta da baya,
Kafaɗa biyu a ƙasa, ba ƙarya,
Bakatsine, wannan ce kayarwa.

Kawu na Bagalam:
Kai Bagobiri, bawan gidanmu,
Wa ya ba ka baki cikin manyanmu?
Yaronka a karon farko, idonmu
Ya ga ɗan Iran ya kusa raba mu
Da shi, 4 da 3 ya yi kuɓucewa.

Sannan rigar jikinsa aro ce,
In ka ce a ba shi, sai in ce
Wane gari za a kai takobin ajewa?

Ɗan Tsibiri:
Aro, Kawu? To wanda Lofez ya doke,
Akosta, Chile yake wa, amma can yake
Ɗan Kuba, tare suka yi atisaye,
Rigar aro ba a kaina take farawa.

'Yar Madarunfa:
Kawu da Yaya, ina wuninku. Na yi shiru ina karatu don in ga ko ɗayanku zai tuna cewa mata ma sun shiga fage. Ba wanda ya tuna.

Kun cika fada da ƙattan maza,
Kun bar ɗiyar da ba ta gaza,
Fujinami ta Japan, ba ta da gargaza,
Kilo 53, kamar kaza
A ido, a hannu sai ka ji wawa.

Shekara 20 take da haihuwa,
Karo 137 ba faɗuwa,
A jere, babu mai tsinkawa,
'Yar Ekwado ta zo ƙarshen karawa,
10 da babu aka tsai da fafatawa.

Mu nan dokar takobi muka sani,
Wanda ya faɗi ya koma gefe ya gani,
Lofez ɗin Kawu, Baturke wani
Ya doke shi sau biyu, ku tambayi masani,
2011 da 2015, ba mantawa.

Mushe na Zariya:
Ɗiyata ta faɗi gaskiya, Kayalf sunan Baturken, kuma a gasar duniya aka yi, ba a Olamfik ba. Ga nawa.

Tambaya biyu kuka haɗe a ƙwarya,
Gwarzon gasa da gwarzon tarihi,
Na farko kwana bakwai ake auna shi,
Na biyu shekaru ke ɗaukar shi,
In an gauraya ba a rarrabewa.

In Faris kaɗai ake magana,
Zinare 8 Japan ta kwana,
Cikin 18, ku yi lissafi da kyau mana,
Ɗiyarsu ba ta sha wuya ba ko da rana,
Ni can nake jefa ƙuri'awa.

A gefe kuma, 'yar Indiya Fogat,
Ta kai ƙarshe, sikeli ya ce kat,
Giram 100 ya ɗara, aka ce fit,
Abin da bai kai sugan shayinmu zubawa.

Ku yafe mini "ƙuri'awa", amsa-amo ne ya matse ni.

Baba na Jiratawa:
Yara, na ji ku. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ɗaura laya na shiga fage shekaru da dama, ko da ban kai ga takobi ba.

Jiha 8, kowace ƙarti 10,
Mutum 80 ke shiga da ƙarfin gwiwa ma,
Ɗaya ke fita bai taɓa ƙasa ba, kuma
Baɗi 79 na jiran ramawa.

Kantu namu ya buɗe a Tawa,
1975 aka yi farawa,
Isaka na Doso 6 ya yi ɗagawa,
Na shidan a Agadas, 2023,
Ku tambaye shi wanne ya fi wahalarwa.

Takobin fari ba ya da wuya,
Ba a san ka ba, ba a san ta inda kake juya,
Na biyu an karance ka gaba da baya,
An san hannun da kake fara miƙawa.

Kowane yaro da kai yake kwana,
Malaminsa na nuna masa da rana,
Ga inda tsoho yake jin rauni, ɗana,
Gwiwa ta fara ƙara, baya na ƙuna,
Kai kuwa dole gobe ka yi fitowa.

Shekara 16 Lofez na bisa,
Ana karanta shi ba a kai shi ƙasa
A Olamfik, har ya ga ya isa,
Da ƙafarsa ya fita, ba a fitar da shi ba,
Wannan ita ce ban iya ba, 'yan uwa.

Ni na ƙi bari, na ce saura ɗaya,
Bayan girbi, dandali ya cika da 'yan biya,
Wani yaro ya sa mini harɗiya,
Gaban surukaina na kwanta da baya,
Makaɗina ya sauya kirari ba jinkirtawa.

Mushe, gasa da tarihi ba sa rabuwa,
Zinaren Faris na biyar ne a ɗaurawa,
Da nauyin huɗun ya shiga karawa,
Na ba Lofez, ba na sakewa.

Ɗan Tsibiri:
Baba, Allah ya ƙara girma,
Da kai ba na ja, ko da na so ma,
Amma batun ƙafa yana nan, kuma
2028 mu haɗu, in Allah ya kai mu,
A Los Anjalis yarona zai yi nunawa.

'Yar Madarunfa:
Na ƙirga: Lofez biyu, Kawu da Baba,
Fujinami biyu, ni da Mushe, ku duba,
Yaya shi kaɗai, bai samu mabiyi ba,
Kunnen doki ne, ba a gama ba,
Sai Yaya ya zaɓi inda zai komawa.

Kawu na Bagalam:
Bagobiri, ƙuri'arka ce ta rage. Ka zo fada bayan isha'i da ita, ka haɗo da suga da ganyen shayi, jiya kai ka zubar da na uku garin nuna mana yadda ake kama ƙafa.