Haɗin waƙoƙin ƙarshen shekara: minti 80 ya yi mini kaɗan

Kunnen_Kiɗa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk ƙarshen shekara nakan zauna in tsinto waƙoƙin da suka fi kama ni a cikinta, in jera su, in zuba a faifan CD, in rubuta sunayensu da biro a 'yar takarda in saƙale a bango, sannan in raba wa abokaina. Biyu daga cikinsu suna rama mini da nasu haɗin. Daɗin abin ke nan, ka ji da me kunnen mutum ya kwana ya tashi shekara guda.

To bana abin ya cushe mini. Faifai minti 80 yake ɗauka, ni kuwa abin da na tara ya kusa awa uku, kuma duk wadda na kai hannu zan cire sai in ji kamar na ci amanarta. Ga shi mutane sun daina ajiye abin kunna CD. Sababbin kwamfutocin cinya ba su da wurin sa shi, har wani abokina ya ce na bara yana nan cikin ledarsa bai taɓa ba. Ƙanena ya ce wahalar banza nake, tunda Spotify na fitar wa kowa nasa lissafin a Wrapped. Na duba nawa. Wadda ta zo ta ɗaya waƙar da nake kunna wa 'yata ce don ta yi barci. Manhaja ta ƙirga daidai, amma ba ita ce waƙar shekarata ba.

Sai tambaya ta ƙarshe: akwai wata tsohuwar waƙa, ta girme ni ma, amma bana na fara jin ta. Ta cancanci shiga?

Tsohon_Rikoda:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kana kukan minti 80? Mu da kaset muka yi wannan aikin. C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, kuma tef ba ya jiran kowa. In ka yi kuskuren lissafi, waƙar ƙarshe tana tsaka da amshi za ka ji ƙas, rikoda ta tsaya. Shi ya sa muke zama da takarda muna tara mintuna kafin mu taɓa maɓalli, kuma kullum akwai wata 'yar gajeruwa ta minti biyu a ajiye don cike gurbi. Yatsa na kan maɓallin dakatarwa, kana jira waccan ta mutu ka saki wannan. In an gama sai a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada wani ya ɗauki wani abu a kai.

Kada ka ƙara ko minti ɗaya. Awa uku ba wanda zai zauna ya ji maka, zai ji huɗun farko ya ce ya ji. Ga yadda nake yankewa: mawaƙi ɗaya, waƙa ɗaya. Wannan kaɗai zai zubar maka da kaso mai yawa. Sannan ka raba abin gida biyu a ranka kamar gefen A da gefen B. Ta farko ta zama mai jan hankali amma ba wadda ka fi so ba. Gwanar taka ka ɓoye ta wajen ta uku ko ta huɗu, lokacin kunne ya zauna. Kada ka jera masu sanyi uku a jere, barci za ka sa mutane.

Tsohuwar waƙar kuwa, sa abarka. Shekararka kake ba da labari, ba ta kamfanin faifai ba.

Uwar_Fayil:

Malam, ni na koma filashi kuma ban yi nadama ba, sai dai yana da tarkuna. Ka tsara shi a FAT32, wani tsarin ajiye fayil da ake zaɓa wajen yi wa filashi fomat, don rediyon mota da yawa ba sa karanta wani tsarin. Ka sa lamba a gaban sunan kowane fayil, 01, 02, 03, da sifilin. In ka rubuta 1, 2, 3 kawai, wasu na'urori za su kawo ta 10 kafin ta 2, duk jerin da ka ɓata dare kana yi ya wargaje. Wasu ma ba ruwansu da suna, yadda aka zuba fayilolin suke bi, don haka ka tura su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ɓata haɗin gida shi ne ƙarar sauti. Tsohuwar waƙarka za ta fito can ƙasa-ƙasa, mutum ya ƙure murya, ta gaba ta shigo ta fasa masa kunne, saboda na yanzu ana matse sautinsu ya yi ƙarfi. Manhajar MP3Gain na daidaita su, kyauta ce, haka ma Audacity, manhajar gyaran sauti. Kuma kada wani ya ruɗe ka da mayar da fayil mai 128 zuwa 320 (kbps, ma'aunin ingancin sautin MP3), nauyi kawai zai ƙara, abin da ya zube ya zube. A 128 minti ɗaya bai wuce kusan megabait 1 ba, ka ga minti 80 ko wuri ba zai ci ba. Nan ne jarabar take, za ka ga fili ka ce bari in ƙara. Yaya Tsohon_Rikoda ya faɗa maka gaskiya.

Ɗan_Data:

Ku gafarce ni manya, amma ni ban ga laifin jeri a manhaja ba. Da hannunka za ka jera, ka tura a daƙiƙa ɗaya, kuma mawaƙin kan samu ɗan abinsa in ana kunna waƙarsa, abin da filashi ba ya ba shi. Na yarda wani lokaci ka dawo ka tarar an janye waƙa, sunanta ya dushe ba ta kunnuwa. Ga kuma masu danna gauraya, maɓallin da ke hargitsa jerin waƙoƙi.

Kunnen_Kiɗa:

Na gode ƙwarai. Ɗan_Data, masu danna gaurayar nan su ne tsorona, amma maganar haƙƙin mawaƙi ta shige ni, zan yi jerin in tura wa na nesa. Na kusa filashi za su samu da takardarsu, kowace waƙa da layi ɗaya na dalilin shigarta. Yaya, na bi dokarka, na sauko minti 94. Yanzu rigimar tsakanin wasu biyu ce na mawaƙi ɗaya, ɗaya minti 9, ɗaya minti 4, kuma doguwar nake so. Hajiya Uwar_Fayil, in na rage mata dogon kiɗan farko a Audacity, sautin zai lalace wajen sake ajiyewa?