Dilan mota ya karɓi kuɗin gyaran da nake shakkar an yi shi, ina mafita?

Abu Safiyya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin mota da waɗanda suka san doka a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tsawon makonni uku.

A farkon shekarar nan na sayi Corolla 'yar Kwatano, ƙirar 2010, a hannun wani dilan motoci a nan Kano, wanda yake da garejin gyara a bayan filin da yake baje motocinsa. Bayan wata biyar motar ta fara zafi, musamman idan na shiga cunkoson Kantin Kwari da rana, amma da zarar na hau titin Zariya na sami sarari sai allurar ta koma daidai. Na mayar musu da ita saboda su suka sayar mini, kuma na ɗauka sun fi kowa sanin halinta. Suka ce gaskit ɗin kan injin ne ya ƙone, dole a sauke kan injin a kuma canza famfon ruwa, suka yanka mini naira 480,000, na tura musu ta banki zuwa asusun kamfanin. Motar ta kwana huɗu a wurinsu.

Ba a yi mako guda ba zafin ya dawo kamar yadda yake. Wani bakanike da maƙwabcina ya haɗa ni da shi ya duba, ya ce fankar lagireto ce ba ta tashi, kuma a ganinsa ba a taɓa kwance kan injin ba, domin tsohuwar ƙura tana nan a kan notuna, baƙin man ma tsoho ne. Da na koma wurin manajan, ya dage cewa an yi aikin, ya ce tsofaffin kayan da aka cire an zubar da su. Rasit ɗin da suka ba ni "gyaran inji" kawai aka rubuta a kansa. Yayana ya ce in kai su wurin 'yan sanda, ni kuwa ba na son in zalunci kowa, kuma ba na son a cinye mini gumina. Har yanzu ban bari an taɓa komai a motar ba. Me ya kamata in yi?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam Abu Safiyya, abu mafi kyau da ka yi shi ne hana kowa taɓa motar, domin ita ce shaidarka, kuma duk ranar da wani ya sa mata sifana, manajan ya sami hanyar cewa a can aka lalata aikinsa.

Alamar da ka bayyana tun farko, wato zafi a cunkoso da sanyi a kan gudu, ta fi kama da matsalar fanka, saboda idan mota tana gudu iskar hanya ce take sanyaya lagireto, idan kuwa ta tsaya sai ta dogara ga fanka kaɗai. Gaskit da ya ƙone yana da nasa alamun: farin hayaki mai kauri daga salansa, ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga yoyo ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, wani lokaci kuma baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara. Ka tuna da kyau ko ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kafin ka kai musu motar.

Sai dai ina so in yi wa mutanen adalci, domin na shekara fiye da talatin a wannan sana'a kuma na ga an zargi mai gaskiya. Fanka da ta mutu tana iya sa inji ya yi zafi har gaskit ya ƙone, saboda haka mai yiwuwa ne sun canza gaskit ɗin da gaske, suka bar asalin cutar. Wannan sakaci ne, amma ya bambanta da karɓar kuɗin aikin da ba a yi ba, kuma ya kamata ka san wanne ne kafin ka furta kalmar zamba a gaban mutane.

Gano hakan ba shi da wuya. Idan injin motarka mai lita 1.8 ne, da sarƙa yake aiki, kuma ba a sauke kansa sai an cire murfin sama da murfin sarƙar, wanda ake liƙe shi da gam. Wanda ya san aiki zai ga sabon gam a gefen murfin da sawun sifana a kan notuna. Famfon ruwan wannan injin a waje yake, bel ne yake juya shi, sabo da tsoho ba sa ɓuya ga ido. Kuma babu mai sauke kan inji ya mayar da tsohon baƙin mai. Ka ɗauki hotunan waɗannan wurare tun yau, sannan ka tambayi manajan rasit ɗin shagon da suka sayo gaskit da famfon, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a wani wuri, da sunan wanda ya yi aikin.

Baban Walida:

Ni shawarata ita ce a fara da sulhu. Dilolin motoci suna da ƙungiya da shugabanni a kusan kowane filin da suke kasuwanci, makanikai ma suna da tasu, wato NATA, kuma ɗan kasuwa yana jin nauyin a kira shi gaban dattawan sana'arsa fiye da yadda yake jin tsoron takarda. Ka nemi ganin mai kamfanin da kansa, domin sau da yawa manaja da yaran gareji suna yin abin da maigida bai sani ba. Ka tafi da dattijo ɗaya da bakaniken da ya duba motar, ka bar yayanka a gida idan mai zafin rai ne. Malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka damƙa masa ya yi aiki a kansa, kuma duk wanda ya san wannan ba zai so a kai ga rantsuwa ba.

Barista Ummu Khalil:

Ina goyon bayan sulhu, amma ina roƙonka, Malam, kada ka tsaya ga magana ta baki. Game da 'yan sanda kuwa, ban ba ka shawarar ka fara da su ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma idan aka tsare manajan a kan wannan, yana iya juyowa ya yi ƙararka bisa tauye masa haƙƙi, sai mai neman naira 480,000 ya koma mai kare kansa. Idan bincike ya tabbatar ba a taɓa injin ba kwata-kwata, a nan ne za a iya maganar yaudara, kuma ko a nan ma dawo da kuɗinka ya fi sauƙi ta wata hanyar.

Dokar da ta fi kusa da matsalarka ita ce dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 130 ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi da ingancin da mai hankali zai yi tsammani, da kayan da ba su da aibu, kuma idan aka gaza, yana iya neman a gyara kuskuren ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da gazawar. Ka lura cewa wannan ya shafe ka ko da sun canza gaskit ɗin da gaske, tun da ka biya ne domin zafin ya daina, bai kuwa daina ba.

Ka rubuta wa kamfanin takarda, ka jera ranakun da abin ya faru da kuɗin da ka biya, ka haɗa da shaidar banki da kwafin rasit, ka faɗi abin da kake nema a fili, ka ba su wa'adin kwana 14, kuma ka tabbata wani ya sa hannu a kwafinka cewa an karɓa. A cikinta ka nemi a duba motar a gaban ɓangarorin biyu, a hannun bakaniken da kuka amince da shi tare, domin rahoton bakaniken maƙwabcinka kaɗai za su ce na ɓangare ɗaya ne. Idan suka ƙi, kana iya kai kuka ga FCCPC ta shafinta na intanet, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano. Akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Kano da yake aiki tun 2009, da kotun ƙananan ƙararraki da aka buɗe a 2019, wadda mutum yake iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, kuma kuɗinka bai wuce abin da take saurara ba.

Abu Safiyya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba Tsohon Bakanike, na yi tunani sosai, ban taɓa ganin farin hayaki ba, ruwa ma ba ya raguwa sai ranar da ya tafasa. Na ɗauki hotunan jiya da safe. Famfon ruwan dai sabo ne, wannan na gani da idona kuma ba zan ɓoye ba, amma gefen murfin sarƙar babu alamar sabon gam.

Na kai takardar kamar yadda Barista ta tsara, sakataren ya sa hannu, kuma ta hanyar wani dattijon unguwarmu na sami ganin mai kamfanin, wanda ya ce bai san da maganar ba. Ya amince a duba motar ranar Asabar a gaban kowa, ya kuma ce in an samu ba a sauke kan injin ba zai cire kuɗin famfon ya mayar mini da sauran. Barista, abin da nake son sani kafin ranar shi ne, wannan alkawarin nasa ya isa in rubuta shi mu sa hannu mu biyu da shaidu, ko kuwa sai an kai shi gaban zauren sulhun kafin ya zama abin da kotu za ta tilasta?